Ledar maganin Baba

Ranar da aka sallami Baba daga asibiti, magani kala bakwai muka dawo da shi a leda. Na hawan jini biyu, na suga biyu, na fitsari saboda ciwon zuciya, asfirin, sai na ƙarin jini. Wani sau ɗaya, wani sau biyu, wani kafin abinci, wani sai an ci. A jikin 'yan ambulan ɗin an ja layi da biro, an rubuta bd da tds, wato sau biyu da sau uku a rana a rubutun likitoci. Baba ajami ya iya, bai yi boko ba. Hajiya ce mai ba shi magani, ita ma idon ya fara rauni.

Bayan kwana tara muka koma asibiti. Jiri ya kwashe shi a ƙofar banɗaki, leɓensa a bushe, gwaji ya nuna ƙoda ta fara gazawa. Da likita ta ce a kawo duk abin da yake sha, aka zazzage ledar a kan gado, sai ga Lasix ɗin da ya rage a gida tun kafin a kwantar da shi, ga furosemide da asibiti suka bayar. Maganin fitsarin nan ne guda ɗaya, suna ne kawai biyu. Kullum ninki yake sha, ruwan jikinsa na ta zurarewa. Ga kuma diclofenac da aka sayo masa a kemis saboda ciwon gwiwa, wanda ba ya shiri da ƙoda, balle ga mai ciwon zuciya.

Abin da ya ƙona min rai shi ne da na ji an ce wai tsohon ba ya bin ƙa'idar magani. Wallahi ba ya tsallake ko ƙwaya ɗaya. Duk abin da aka miƙo masa da bismilla yake haɗiyewa. Ƙa'idar ce ba wanda ya zauna ya koya masa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri na musamman kan illar kuskuren magani, ta ƙiyasta asarar da yake jawowa a dala biliyan 42 duk shekara. A Amurka, binciken da aka wallafa a 2009 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na masu Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, suna komawa gadon asibiti cikin kwana 30 da sallama, har daga 2012 gwamnati ta fara rage wa asibitocin da abin ya yi wa yawa kuɗi. Can asibiti ake cajewa. Nan mu ne muka sake biyan kuɗin gado, da ƙarin ruwa, da gwaji, daga aljihu.

Na san ma'aikatanmu sun yi kaɗan, na ga layin da idona. Amma a sallama ta biyu wani mai ba da magani ya ja kujera ya zauna da mu, bai fi minti goma ba. Ya ware tsofaffin gefe guda. Likita ta cire biyu, suka koma biyar. Ya daina maganar ƙarfe nawa, ya ce waɗannan da safe in an karya, wannan bayan Magariba, na fitsarin kuma da safe don Baba ya samu barci. Ya shafa jan maka a na safe. Sannan ya ce, “Hajiya, maimaita min.” Ta yi kuskure ɗaya, ya gyara, ta sake.

Ni a ganina wannan zaman wajibi ne a cikin sallama. Ba a barin mutum ya fita sai ya nuna rasit, to me ya sa ake barinsa ya fita bai san abin da ke cikin ledarsa ba?

Mu ma da namu laifin. Ba ma zubar da ragowar magani, wai kada a yi asara. Yanzu duk ranar ganin likita ledar nake ɗauka gaba ɗaya, har da jiƙon da ƙanwarsa ke aiko masa daga ƙauye, in ajiye a kan tebur kafin Baba ya zauna.