Ƙararrawar Kristo Buase da i'itikafinmu na Zongo

Wani mai fataucin doya daga unguwar Aboabo a Kumasi ya biya ta Kristo Buase, gidan ruhubanawa (Kiristoci masu keɓe kansu don ibada) da ke kusa da Techiman. Ana tsaka da ciniki ƙararrawa ta kaɗa, sai ɗaya daga cikinsu da ke sayar masa da kaya ya ba shi haƙuri, ya bar komai a kan tebur ya nufi ibada. Labarin ya tsaya mini a rai.

Gidan yana tsakanin manyan duwatsu, kewaye da gonar kashu, kuma ruhubanawa daga Birtaniya ne suka kafa shi a 1989. Suna bin dokar Benedict, wani waliyyin Kirista, mai babi 73, wadda aka rubuta a Italiya a ƙarni na 6. Dokar ta ce da jin ƙararrawa a ajiye abin da ke hannu. Ta tsara addu'a sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare, a sauke Zabura 150 duk mako. Wajen cin abinci mutum ɗaya ke karatu da ƙarfi, saura na ci shiru. Mai son ruwa da hannu zai nuna. Bayan addu'ar ƙarshe baki ya rufe sai safiya. Baƙon da ya zo neman shiga ma, cewa ta yi a bar shi yana ƙwanƙwasa ƙofa kwana huɗu ko biyar, sannan ya yi shekara ana karanta masa dokar sau uku kafin ya ɗauki alkawari. Ba aure, ba dukiyar kai.

Tsarin ya burge ni, amma wallahi i'itikafinmu ya fi dacewa da ɗan Adam. Mai i'itikafi ya yi gomansa, ya fito ya yi Salla da iyalinsa, ya kai gaisuwar ta'aziyya, ya koma rumfarsa. Wa zai ɗauki gawar mahaifinka in kana bayan dutse?

Sai dai a nan Kumasi goman ma ta gagare mu. Masallaci na jikin titi, lasifikar biki na amo har tsakar dare, mai i'itikafi na kishingiɗe yana tambayar farashin kaya a kasuwar Kejetia ta waya. A gida ba haka muka taso ba, kun sani. Yaranmu da aka haifa a unguwar Asawase ba su taɓa zama gaban wutar tsangaya ba, wannan kuwa ya fi ci mini rai. Limamanmu su fara da abu mai sauƙi: a karɓi wayoyi a bakin ƙofa daren 21, mutum ɗaya ya riƙa amsa kiran gaggawa.