A bar dattijo ya tuƙa motarsa

Tun jiya nake danne zuciyata, amma abin ya ishe ni. Wato duk wannan kururuwar da kuka cika mana Facebook da ita a kan bidiyon dattijon nan mai jar Countach, tsohuwar motar gudu ta kamfanin Lamborghini, don ya gogi hancin motar a ɗan tudun rage gudu ne? Wani har salati ya rubuta, sai ka ce rasuwa aka yi. Wani ya ce da tsohon yana da hankali da bai fito da ita titi ba. Wani kuma, wanda na san ko Vespa bai taɓa ajiyewa a ƙofar gidansu ba, ya zauna ya yi mana lissafin Yuro nawa darajarta ta faɗi a cikin daƙiƙa uku. Sannunku da aiki, manyan masana tattalin arziki. Allah ya ƙara basira.

Dattijon nan ya fi ku gaskiya, dukanku. Mota ya saya, kuma tuƙa ta yake yi. Iyakar laifinsa ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi ma dariyar da kuka yi masa lokacin da ya ɗaga ƙofa, ya fito da rabin jikinsa ya zauna a bakin ƙofar yana waiwaye yana ribas. Wai tsufa ne ya sa ya manta amfanin madubi. Malam, haka ake ribas da Countach tun da aka fara sayar da ita a 1974. Gilashin bayanta ɗan tsito ne, inji da manyan hancinan shan iska sun tare komai, in ka zauna a kujera ba ka ganin abin da ke bayanka sai abin da Allah ya nuna maka. Direbobin gwaji na kamfanin Lamborghini da kansu haka suke yi, har da Valentino Balboni da ya shiga kamfanin yana yaron makanike a 1968, ya shekara arba'in a can. Abin da kuka kira ruɗewar tsufa, hannun gwani kuka gani ba ku gane ba.

Ni a nan wajen Modena ta ƙasar Italiya nake neman abincina, garinsu Ferrari da Maserati, Sant'Agata ta Lamborghini kuma ba nisa. Ranar Lahadi in gari ya yi kyau sai ka ji irin motocin nan tun kafin ka gan su, suna hawa duwatsun da ke tsakanin Bologna da Firenze. Na taɓa samun arzikin zama a gefen mai irin wannan mota, kuma wallahi babu daɗi irin wanda kuke zato. Tsayinta daga ƙasa mita ɗaya ne da ɗan ɗoriya, sai ka naɗe kanka kafin ka shiga. Tagar ɗan yanki ne kawai ke sauka, da ƙyar hannu zai fita ya karɓi tikitin hanya. Giyabos a gaban inji yake, tsakaninka da direba, zafinsa yana gasa maka cinya. Kuloci kuwa sai ka tattaro ƙarfin ƙugu kafin ya taku, sitiyarin ba shi da wani mataimaki, ƙarfin damtsenka ne kaɗai. Da sanyin safiya giya ba ta yarda ta shiga da daɗi sai man ya ɗumama. Mai ita yana zufa, yana lallaɓa ta, yana sauraron inji kamar mai jiran a kira sunansa. To amma da hanya ta buɗe, silinda 12 suka ɗauki murya a bayan ƙeyarka, kabureta shida suna zuƙar iska, sai na ga mutumin da ya haura saba'in yana dariya shi kaɗai kamar yaron da aka ba goron sallah. Wannan dariyar ya saya da kuɗinsa. Ku kuma kuna so ya rufe ta da tamfol ya zauna yana kallon farashi a waya.

Kuma da ma rufewar tana kare ta ne, da sai in yi shiru. Ku tambayi kowane makaniken da ya san tsofaffin motocin nan, zai gaya muku wadda ta fi ba shi wahala ita ce wadda aka ajiye. Fetur in ya daɗe a kabureta danƙo yake zama ya toshe ƙananan hanyoyi. Robobin da ke riƙe mai sukan bushe su tsage, ranar da aka tayar da ita sai ka ga tana zubar da mai ta ko'ina. Man birki yana shan danshi, ƙarfen ciki ya yi tsatsa, birkin ya kama. Taya takan kwanta ta gefen da take zaune a kai. Ferrari Testarossa ta 1984, bel ɗin injinta da shekaru yake tsufa, ko ka tuƙa ko ba ka tuƙa ba, kuma kafin a canza shi sai an sauke injin gaba ɗaya daga jikin motar. Ferrari F40 da aka yi wa kasuwar Turai, tankin fetur ɗinta jakar roba ce, kusan duk shekara goma sai an sake. Wato kuɗin gyara za ka biya ko ta fita ko tana kwance. To in dole ne ka biya, don Allah me ya sa ba za ka ci moriyar abin ba?

Mu da muka tashi a gidajen da ake kiwon doki mun san wannan tun muna yara. Dokin da aka ɗaure a turke ana ta zuba masa dawa da harawa, ba a fita da shi kilisa don kada ya yi datti, ranar hawan sallah shi ne zai ba ka kunya a gaban jama'a. Ba wanda ya taɓa yabon mai doki don kofaton dokinsa bai taɓa ƙasa ba.

Amma yau wai shi ne abin alfahari. Ka buɗe takardar masu gwanjo ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mota ta shekara talatin da wani abu amma ba ta yi kilomita dubu ba. Ana tafi. Ni tausayi take ba ni. Injiniyoyi sun hana idonsu barci, maƙera sun bubbuga alminiyam da hannu, mai zane ya ɓata takardu, duk don abin ya yi gudu, sai wani ya saya ya kulle a ɗaki mai sanyi shekara talatin yana jiran wani ya zo ya saya shi ma ya kulle. An sha ba da rahoton abin da ya sami motocin gidan sarautar Brunei, ɗaruruwan Ferrari da ire-irensu da aka jibge a rumbuna, danshi da fumfuna suka cinye kujeru da wayoyinsu. Babu wadda ta gogi tudu a cikinsu. Ku je ku yi musu tafi.

Na san abin da za ku ce: ai tarihi ce, in ta lalace ba a yin wata. Ji mana. Countach kusan dubu biyu aka ƙera daga 1974 zuwa 1990. Gogar hanci kuma aikin mai fenti ne, a lungunan Modena akwai tsofaffin da wannan ce sana'arsu tun suna samari. Ferrari ta buɗe sashen kula da tsofaffin motocinta a 2006, Lamborghini ta buɗe nata a 2015, suna da zanen asali na motocin. Sannan ku da kuke son maganar kuɗi, bari mu yi ta. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka yi. Ɗaya daga ciki an sayar da ita a gwanjo a 2018 a kan Dala miliyan 48 da ɗoriya. Kun san tarihinta? Tsere ta yi a kan duwatsun Sisiliya a gasar Targa Florio, ta sha ƙura da tsakuwa, a 1964 ma aka sake mata jiki sabo fil. Wahalar da ta sha ita ce ake karantowa a zauren gwanjo don farashi ya hau. Da mai ita na farko ya bi shawararku ya rufe ta da tamfol, da wane labari za a ba masu saye?

Su kuma masu ajiyar don riba ba kullum suke dariya ba. Da Enzo Ferrari ya rasu a watan Agustan 1988, 'yan kasuwa suka yi ca a kan duk abin da ke ɗauke da tambarin dokin Ferrari. F40, mota ta ƙarshe da tsohon ya sa wa hannu, aka riƙa sayar da ita ninkin-ba-ninkin kuɗin kamfani tun kafin ta iso hannun mai ita. Kamfanin da ya yi niyyar ƙera 400 ya ƙare da ƙera fiye da 1,300. Farkon shekarun 1990 kasuwa ta rushe, mutane suka wayi gari da bashin banki da motar da ba su taɓa jin kukanta ba. Wanda ya tuƙa tasa aƙalla ya san abin da ya saya: mota ba rediyo, ba kafet, igiyar waya ce ake ja a buɗe ƙofa daga ciki, amma tana haura kilomita 320 a awa.

Sai masu cewa ai motar lantarki ta yanzu za ta bar ta a baya tun kafin ya sa giya ta biyu, ga sanyi ga kwamfuta. To, sai me? Jirgin sama ma ya fi ta gudu. Wuce nan.

Akwai dai magana ɗaya da ba zan yi mata ba'a ba. Wata baiwar Allah ta rubuta cewa ana fama da yunwa, wani yana wasa da kuɗin da zai ciyar da unguwa. Hajiya, na ji ki, kuma zuciyata tana tare da ke. Duk wata sai na tura gida, na san farashin kwanon masara, na san muryar da ake kiran mutum da ita in abu ya ƙure. In tambayarki ita ce ko ya dace mutum ɗaya ya mallaki irin wannan dukiya, wannan babbar magana ce, a ware mata rana a zauna. Amma ki lura, masu zagin dattijon nan ba cewa suka yi ya sayar ya ba mabuƙata ba. Cewa suka yi ya ɓoye don kuɗinsa ya ƙaru. Tsakanin mai tara abu yana ƙirgawa da mai amfani da abinsa har makanike da mai fenti da mai taya su samu na cefane, yaran unguwa su fito su sha kallo kyauta, ni na san wanda na fi ganin mutuncinsa. Kuma ki dubi gashin kansa. Shekara nawa suka rage masa da ƙafarsa za ta iya taka wannan kuloci? Ranar da gwiwa ta ƙi, shi ke nan, magada ne za su kira masu gwanjo tun kafin a share makoki. Yana sane da haka, shi ya sa ya fito.

Wani ya ce ni da ba ni da ita me ya yi mini zafi. Gaskiya ne, a tsohuwar Fiat Panda nake zuwa aiki. Kai ma ba ka da ita, amma ba ka fasa yi wa mai ita lissafi ba. Mai abu da abinsa. Shi kansa Ferruccio Lamborghini, mai ƙera taraktocin noma ne da ya riƙa tuƙa motocin Ferrari har kulocinsu ya dame shi, a 1963 ya kafa nasa kamfanin. Da ajiye su yake yi a ɗaki yana goge musu ƙura, ina zai san kulocin yana da matsala? Da babu motarsa Miura a 1966, babu Countach, babu bidiyon da za ku taru a ƙarƙashinsa kuna salati.

A bar dattijo ya tuƙa motarsa. Gobe ma ya fito, ya sake gogar tudun in ya ga dama.

Af, tunda ana maganar masu zanen Italiya: F40 da Testarossa gidan Pininfarina na Torino ne suka zana su, kuma gidan nan dai shi ne ya zana Peugeot 504, wadda aka shekara da shekaru ana harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin a 1975. Wato duk wanda ya taɓa matsuwa a kujerar bayan 504 daga Kano zuwa Jos, kaji a ƙarƙashin ƙafarsa, ya shiga zanen Italiya bai sani ba. Kuma ba wanda ya rufe ta da tamfol, an tuƙa ta har ƙofa sai da igiya. Abin da ke damuna shi ne makanikan da ke saita kaburetarta da kunne, su ɗora sukurdireba a jikin inji su kara a kunne su gaya maka silindar da ke ciwo, suna ta ƙarewa, yaran yanzu sai an jona kwamfuta. In akwai wanda ya san inda zan samu 504 doguwa mai lafiyayyen jiki, wadda ba a sauya mata inji ba, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Kada a kawo mini wadda ta yi haya a hanyar Maiduguri a ce wai ta wani tsohon ma'aikaci ce da ba ya fita sai Juma'a.