Ƙarin kuɗin haya babu iyaka, kora ce a fakaice

Mai gida yana da haƙƙin ƙara kuɗin haya, ban musa ba. Dukiyarsa ya zuba, shi ke gyaran rufi, tsadar rayuwa kuma ba ta tsallake shi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a wayi gari a ce wa ɗan haya daga wata mai kamawa kuɗin ya ninka, in ba zai iya ba ya kwashe komatsansa.

Ku dubi halin da mutumin yake ciki. Makarantar yaransa a unguwar take, wurin neman abincinsa ma haka. Tashi kuwa sai da kuɗin dillali, da na dako, da na sabon gida a dunƙule. Mai gida ya san duk wannan, ya san ɗan hayan zai ci bashi ya biya a kan ya fita. To ina ciniki a nan? An ritsa mutum a lungu ne kawai.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka ja layi. A Jamus, mai gida ba ya ƙara wa wanda ke cikin gidan fiye da kashi 20 cikin 100 a tsawon shekara uku, a biranen da gidaje ke wuya kuma kashi 15. A lardin Ontariyo na Kanada, sau ɗaya ake ƙari cikin wata 12, kuma sai an ba da sanarwa a rubuce kwana 90 kafin nan. Wannan sanarwar ta fi burge ni, domin kwana 90 sun isa magidanci ya yi lissafi, ya nemi shawara, ko ya nemi wani wurin cikin mutunci.

Na san za a ce iyaka na hana mutane gina gidajen haya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ana iya magance ta. A Amurka, dokar jihar Kalifoniya ta 2019 ta bar ƙari ya bi hauhawar farashi, a ɗora kashi 5 a kai, kada dai ya wuce kashi 10 a shekara, sannan ta keɓe gidajen da ba su kai shekara 15 da ginawa ba daga wannan iyaka.

Dokar ta kuma toshe wata ƙofa. Idan mai gida na iya korar mutum babu dalili, sai ya kore shi ya sa wa sabon shiga kuɗin da ya ga dama. Saboda haka ta ce wanda ya cika wata 12 a gida, ba a fitar da shi sai da hujjar da doka ta amince da ita.