Daren da kwarkwasa ta sauka a gidanmu

Cikin watan Agusta ne, lokacin da ruwan Jos ba ya neman izinin kowa. Tun magariba ake yayyafi a Unguwar Rogo, ga shi an ɗauke wuta. Can tsakar dare kajin Maman Khalifa suka ɓarke da kuka a akurki.

"Baban Khalifa, tashi! Ko ɓarawo ne, ko muzuru."

Na suri taɓarya da fitilar waya na fita. Ba ɓarawo, ba muzuru. Wani baƙin layi ne ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofar gida, ya bi gindin katanga, ya miƙe madafa. Kwarkwasa! Na durƙusa na haska. Ƙanana na ta gudu a tsakiya, wasu sun tallabo ƙafar kyankyaso, wasu sun yi wa tana taron dangi. Manya masu ƙaton kai sun jeru dama da hagu, baki buɗe sama, kamar 'yan sandan da ke gadin ayarin gwamna. A bakin magudanar ruwa kuwa, wasu sun sarƙe ƙafafu sun zama gada, 'yan uwansu na bi ta kansu.

Sai ga maƙwabcina, ɗalibin Jami'ar Jos mai karatun dabbobi, ya fito lulluɓe da bargo, bakinsa har kunne, wai yau ga abin da ake koya musu ya zo har gida.

"Yallaɓai, ka san makafi ne? Ba sa gani sam. Na gaba ke shafa wani wari a ƙasa, na baya ya shinshina da 'yan ƙahonin kansa ya bi. Inda aka dace da abinci, masu komowa su ƙara warin, sai rundunar ta karkata can. Babu mai ba da umarni. Sarauniya tana can gida, aikinta ƙwai kawai. Gida ɗaya kan kai miliyan 20."

Na ce, "To in wari suke bi, ai goge shi za a yi, kowa ya kama gabansa." Na sa silifas na share layin.

Abin da ɗalibin bai kai ga faɗa ba shi ne, akwai wani warin na daban, na kururuwa, wanda suke saki idan an taɓa su. Kuma kwarkwasa ba ta da gaggawar cizo. Shiru take hawa, ta wuce ƙwauri, ta wuce gwiwa, sai ta isa inda ba a sosawa a gaban mutane. Nan ta fara aiki.

Na yar da taɓarya. Rawar da na taka a tsakar gidan nan, ko ranar aurena ban yi irinta ba. In ka fizge babba, jikin ya fita, kan ya zauna daram a fata. Ɗalibi na biye da ni da fitila yana cewa, "Ka gani ko? Shi ya sa 'yan ƙabilar Masai ta Kenya ke ɗinke rauni da su!"

Ina tsaka da tuɓe wando ƙofar mai gida ta buɗe.

"Subhanallahi! Malam, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, lafiyar ke nan."

Hajiya da ke bayansa ta ja mayafi ta koma ciki, ina jin dariyarta har uwar ɗaka.

Mata ne suka kashe wutar. Maman Khalifa ta kwaso toka a murhu ta zagaye akurki, ta yayyafa kalanzir a bakin kowace ƙofa, ta cusa kajin cikin kwando ta kai su ɗakinmu. Haka na kwana ruf da ciki, zakara na kallona.

Da gari ya waye ko ɗaya ba ta rage ba. Madafa fes, kyankyasan da suka gagari kowane magani an yi awon gaba da su. Alhaji ya zagaya yana gyaɗa kai, sannan ya tara mu 'yan haya ya ce tunda Allah ya kawo feshi kyauta, kuɗin maganin ƙwarin da muka haɗa masa watan jiya zai riƙe su, ya gyara ƙofar gida.