Da ko ba ka da sisi kana da rabo a kallo

Ni fa na gaji da musun nan na wai finafinan zamanin da sun fi na yanzu kyau. Ku je YouTube ku nemo wasu ku sake kallo, hoto dishi-dishi, murya na tafiya gaba baki na biyo ta a baya, wani wajen ma inuwar mai kyamara kake gani a bango. Na yanzu sun fi su aiki nesa ba kusa ba, a wajen hoto da sauti Labarina ko Kwana Casa'in ba sa'annin kaset ɗin da muke haya ba ne. Abin da ni nake kewa daban ne, wato a wancan lokacin yaron da babu ko sisi a aljihunsa shi ma yana da kasonsa a kallo.

Mu a layinmu a Tudun Wada gida ɗaya ne ke da talabijin, baƙi da fari, irin mai ƙofar katako da ake ja a rufe a sa mata ɗan mayafi a kai. Sai wajen ƙarfe huɗu na yamma NTA Kaduna ke buɗewa, kafin nan layukan nan ne tsaye a fuskar akwatin da wani ƙara ƙiiii, amma haka za mu zauna muna kallonsu wallahi. Ranar wasan Samanja kuwa Hajiyar gidan da kanta take sa a fito da talabijin ɗin tsakar gida, sai dai ta ce kowa ya je ya wanke ƙafa tukuna, wanda bai samu tabarma ba ya hau katanga, wani ya maƙale a taga. Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, wato Samanjan, da ya rasu a 2023, mutumin nan soja ne na gaske kafin ya dawo wasa, shi ya sa Hausar barikin nan da yake yi ba koyo ba ce, kuma a gari irin Kaduna da sojoji suka cika kowa ya san wani mai magana sak irin tasa. Haka Ƙasimu Yero, shi 2017 ya rasu, in ya ɗaure fuska a Karambana tun kafin ya buɗe baki an fara dariya. Tashar NTA Kaduna ɗin nan tun 1962 take, lokacin ana ce mata RKTV, iyayenmu ma a tagar wani suka fara kallo.

To ko ka rasa kallon gaba ɗaya, an aike ka ko an ɗauke wuta a layinku, washegari a makaranta akwai mai ba da labari. Kowane aji yana da nasa. Yaro ne da bai jin Indiyanci bai jin Sinanci amma zai ba ka fim tun daga rubutun farko har mutuwar bos, da bakinsa zai yi ƙarar bindiga, ya yi na doki, ya tashi ya gwada yadda akta ya yi tsalle ya daki mutum bakwai, wajen waƙa ma ya rera da kalmomin da shi ya ƙirƙira. Sau da yawa in ka zo ka kalli fim ɗin daga baya sai ka ga nasa ya fi daɗi. Ni har gobe gani nake masu fassarar Indiya-Hausa irin su Algaita gadon waɗannan yaran suka ci, sun dai samu sutudiyo ne kawai.

Sai gidan gem, nan ne ma maganata ta fi fitowa. Shago ɗaya, benci biyu, fanka ba ta aiki, mutum biyu ke riƙe da pad, wato abin dannawa, amma mutum ashirin ke buga wasan da baki. Zamanin Sega in kaset ya ƙi tashi a cire a hura masa iska a mayar, Mortal Kombat kuwa akwai masu rubuta sirrin dukan 'yan faɗan ciki irin su Sub-Zero da Scorpion a bayan littafin lissafi, baya baya kaza, kuma ba kowa ake nuna wa ba sai ka sayi rake ko gyaɗa. Da na'urar PS1 ta zo sai gem ɗin ƙwallon nan Winning Eleven ta kashe kasuwar kowa, mai sharhi na ta ihu da Japananci ba mai jin ko kalma, kowa Brazil yake so don ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot, har sai da wasu shagunan suka kafa doka ba a sa Carlos a gaba. In faifai ya ƙi karantawa a kifa na'urar a kan bayanta kowa ya yi shiru ana jiran tambarin nan ya wuce. Kai da ba ka da naira biyar ɗin bugawa kana tsaye a baya kana ba da shawara, ba shi, buga mana, kuma in mai kuɗi ya gaji ko aka zo kiransa daga gida sai ya miƙo maka pad ka ƙarasa masa. Da yawanmu a haka muka iya.

Yanzu fa? Komai ya koma cikin waya, wayar kuma ta mutum ɗaya ce da abin kunnensa. Gem irin su eFootball da PUBG, sabon episod duk sati a YouTube, duk suna nan birjik amma in babu babbar waya babu data to ba ka ciki, ba tagar da za ka leƙa. Ba na cewa a koma baƙi da fari, ni ma a waya nake kallo ina kwance. Kawai ku lura da yaran Rigasa ko Unguwar Sanusi da ke taruwa su biyar shida a kan wayar wani yayansu, mai wayar na ture su wai suna cinye masa caji. Gidan kallon ƙwallo ne kaɗai ya rage da ɗan kama da na da, shi ma an kewaye da kwano an toshe duk wata ɓula da buhu, ranar Champions League kuma kuɗin shiga ƙaruwa yake.