Maƙogwaron jariri ba irin na babba ba ne

Jama'a, akwai maganar da ya kamata mu 'yan Kaduna mu riƙa tayar da ita: samar da shaidar ƙwarewa ta musamman ga likitocin da ke yi wa yara tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro.

A Amurka, likita kan shafe shekara 5 yana koyon wannan fanni, ya ƙara shekara 1 a kan yara zalla, kuma tun 2021 ake shirya jarrabawa ta daban ga masu ɗaukar larurorin yara masu sarƙaƙiya. Mu a nan, kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da ke Legas da takwararta ta Afirka ta Yamma ke ba da shaida, likita ɗaya kuma shi zai duba jinjiri, shi zai duba tsoho.

Wani zai ce ai wuya wuya ne. Ina! Hanyar numfashin sabon haihuwa faɗinta kamar milimita 4 ne, bai kai bututun biro ba. In ta kumbura da milimita 1 kacal a zagaye, kashi uku cikin huɗu na ƙofar iska ya tafi. Babba zai yi tari ya wuce, jariri kuwa sai ka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, numfashi na fita da ƙara. Ga yaron da ke cin gyaɗa yana dariya ta sarƙe shi ta gangara huhu, a yi ta ba shi maganin tari mako da makonni. Ga ɗan batirin agogo da yaro ya haɗiye, wanda kan fara ƙona nama cikin awa 2. Ciro waɗannan sai hannun da ya saba, da kayan aiki daidai girman yaro, da likita mai sa barcin tiyata da ba ya fargabar jarirai.

Ban ma taɓo yaran da sanƙarau ko shawara ta kurumtar da su ba, waɗanda ba a ganewa sai sun kai shekara uku ba su ce "Mama" ba. Ga kuma masu zuwa da zubar jini bayan wanzami ya cire beli. Wannan kam rigima ce ta wata rana, kakanninmu ba za su ji daɗina ba.

Sai dai kar shaidar ta zama shinge. Likitocin fannin ba su ishe mu ba tun asali, ga wasu na ficewa waje. In aka ce sai mai sabuwar takarda zai cire wa yaro naman hanci mai sa minshari ko ya duba kunne mai ruwa, an kashe mutanen Birnin Gwari da Kafanchan da jira. Aikin yau da kullum a bar wa kowane ƙwararre. Takardar ta nuna wa likitan ƙaramin asibiti inda zai tura mai wuyar, kai tsaye, ba sai uwa ta zaga asibiti huɗu da goyo ba.

Kuma ina ya fi dacewa a fara? Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan cikin garinmu tun 1999, tana horar da likitoci, ga asibitin koyarwa na Shika kusa. 'Yan majalisarmu na tarayya, ku da ke cikin kwamitocin lafiya, a kasafi mai zuwa muna son ganin kuɗin horo da na kayan tiyatar yara a rubuce.