Wace ce Paula?

Waɗanda suka zo ranar Asabar kallon tsohon wasan kwamfutana sun gani da idonsu, ba sai na maimaita musu ba. Wannan na waɗanda ba su zo ba ne, don na ji Injiniya ya fara yawo da labarin, kuma kun san halinsa: ko ba ya wurin, shi ne gwarzon labari, balle yanzu da yake wurin.

Sama da shekara talatin ke nan ina gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni cewa a 1992 na rubuta wasan kwamfuta da hannuna, da AMOS, wani yaren rubuta manhaja, a kan kwamfutar Yaya, Amiga 500. Kamfanin Commodore mai ƙera Amiga ya durƙushe a 1994, injin Yaya ya bi bayansa, faifan kawai ya rage a gindin akwati. Daga ni sai Yaya muka taɓa ganin wasan. Shi kuwa in an tambaye shi sai ya yi murmushi ya sako wata magana. Ni a wautata na ɗauka alfahari yake da ƙaninsa.

To, na samu tsohuwar Mac mini G4, irin ta 2005, na ɗora mata MorphOS, babbar manhaja mai iya tafiyar da wasu tsofaffin manhajojin Amiga. Faifan Amiga na KB 880 ne, injin karanta faifai na PC ba ya gane shi, sai da ɗan Yaya ya zo da wata 'yar na'ura, Greaseweazle, ya kwafe shi. Ya ce, "Baffa, ka gwada kafin ka kira mutane." Na ce masa yaro, lokacin da nake wannan harka ko haihuwarka ba a yi ba. Na kira mutane.

Laifina na farko, jawabi. Na kunna injin, sannan na tsaya gabansa kamar mai ƙaddamar da gada, na yi ta bayanin yadda Amiga ta mutu ta bar magada uku, duk manyan manhajojin tafiyar da kwamfuta, suna rigimar gado: AmigaOS 4 da Hyperion ta fitar a 2006, da MorphOS, da AROS wanda aka fara tun 1995. Na ce tsofaffin manhajoji yaren Motorola 68000 suke ji, sababbin injunan kuwa PowerPC ne, shi ya sa aka zaunar da tafinta a tsakani, yana fassara umarni nan take. Tafintan AmigaOS 4 sunansa Petunia, na MorphOS kuma Trance. Na juya na kalli Injiniya, wanda kowa ya san ɗan AROS ne, na ce shi nasa a kan PC sai an koma tushen manhaja an sake harhaɗa ta kafin ta motsa, mu kuwa dannawa kawai muke yi. Aka yi dariya. Injiniya bai yi ba. Ya gyara zama dai.

Na fara da ƙananan. Tsohuwar LhA ta buɗe ƙunshin fayiloli kafin ƙiftawar ido. Directory Opus ta fito da tagoginta biyu kamar jiya aka rabu. Har wani ya ce, "Kai!" Wannan "kai" ɗin ita ta ƙarasa ni. Na naɗe hannun riga, na ce yanzu za ku ga abin da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya yi da KB 512.

Na danna sau biyu.

Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Na ce yana lodi ne, kun san kayan da. Muka jira. Wani ya yi tari. Na sake dannawa. Na matso da fuskata kusa da allo, kamar in na ƙura masa ido zai ji kunya ya tashi. Na ɗaga linzamin na duba ƙarƙashinsa, wallahi ban san me nake nema a wurin ba. Na hura shi. Linzami mai fitila, babu ƙwallo a ciki balle ƙura, amma na hura shi, mutum bakwai suna kallona. Na taɓa wayar sifika, na ce wataƙila sauti ne ya riƙe shi. A raina har addu'a nake ko da jan akwatin nan na Guru Meditation, wanda Amiga ke nunawa in ta sami matsala, ya fito yana ƙyaftawa, aƙalla in nuna shi in ce kun gani, Amiga ce ta gaske. Ko shi bai taimake ni ba.

Sai Injiniya ya yi gyaran murya. Ku da kuka san wannan gyaran muryar kun san abin da ke biye da ita.

Bari in tsaya a kansa kaɗan, don ba yau muka fara ba. Wannan mutumin a 1993 ya ari sandar wasana, baƙa mai jan maɓalli, ya ce kwana biyu. Har yau kwana biyun ba su cika ba. Na tambaye shi a 1994 ya ce tana wurin ƙaninsa. Na tambayi ƙanin ya ce bai taɓa ganinta ba. Ranar aurensa ma na so in tayar da maganar, Yaya ya taka mini ƙafa. Kuma ba injiniya ba ne, kun sani, na sani, rediyon mahaifinsa ya kwance ya kasa mayarwa, sunan ya bi shi. Abin da ya fi ƙona mini rai da shi, duk abin da ya faru sai ya ce "ai na faɗa," alhali bai faɗa ba. A ranar dai, Allah ya gani, ya faɗa ɗin, bayan an gama.

Ya ce, "Ba zai tashi ba. Ko ka kwana kana dannawa."

Na ce me ya sa.

Ya ce LhA da Directory Opus masu ladabi ne, in suna son abu sai su roƙi babbar manhaja ta yi musu, ita kuma sabuwar ta san duk irin roƙon. AMOS kuwa ba ruwansa da sallama, ta katanga yake haurawa ya tafi kai tsaye wurin 'yan ƙananan kwakwalen da ke cikin injin Amiga, yana rubuta musu saƙo a adireshin DFF000. "Tafintanka ya fassara saƙon tsaf," in ji shi, "amma gidan da aka aika babu kowa. Tafinta magana yake juyawa, ba ya ƙera mutum."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san haka, na karanta, na dai ɗauka wasana zai zama na daban. Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Amma daidai lokacin Uwargida ta leƙo ta ga me ya sa aka yi tsit, shi kuma Injiniya ya ɗaga murya ya ce, "Kai fa tun 1992 da Paula da Denise ka dogara. Yau babu su, ka ga yadda ka koma."

Uwargida ta shigo gaba ɗaya. Ta ce, "Malam, wace ce Paula?"

Amsar mai sauƙi ce: wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafafu da yawa a cikin kwamfuta, shi ke fitar da sauti. Jimla ɗaya. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Ita ce mai muryar." Ta ce, "Mai murya." Na ce eh, muryoyi huɗu gare ta. Ta ce to. "Denise fa?" Na ce ita kuma launi ne nata, duk kyan da ake gani ita ce. Na ji abin da na faɗa bayan ya fita. Ɗan Yaya ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Na ce a'a, ki tsaya, a cikin akwati suke, su duka, a manne. Wannan ma bai gyara komai ba.

Injiniya ya ce, "Ka manta Agnus."

Na harare shi.

Ya ce, "Mai ƙibar." Kuma ba ƙarya ya yi ba, ta cikin Amiga 500 Fat Agnus ake ce mata, ita ke raba musu wurin ajiya. Uwargida ta ƙirga da yatsu, ta kalle ni, ta ce, "Shekara ashirin da biyu, ban taɓa jin sunan ko ɗaya ba." Ta fita. Na san wasa take yi. Kusan na tabbata wasa take yi.

Na koma kan linzami don in samu abin yi da hannuna, sai na ga komai na jan ƙafa, taga tana buɗewa kamar mai ciwon baya. MorphOS in ba ka yi rajista ba, bayan minti 30 sai ta rage gudu har sai ka kashe ka kunna. Ni ban yi rajistar ba, kuma minti ashirin da wani abu a jawabin gado na cinye su.

Ɗan Yaya ne ya ji tausayina, ko kuma ya ƙarasa ni, har yanzu ban yanke ba. Ya buɗe kwamfutarsa ta cinya, ya kunna FS-UAE, wadda ke kwaikwayon injin gaba ɗaya, har da matan uku. Hoton hannun nan riƙe da faifai na Kickstart 1.3, wanda Amiga 500 ke nunawa in an kunna ta, ya fito, sai da zuciyata ta motsa. Ya saka kwafin faifan. Wasan ya tashi.

Wani jan murabba'i ne yake tafiya daga hagu zuwa dama, in ya kai bango sai ya ce "tit." Shi ke nan. A sama an rubuta sunan Yaya da manyan baƙaƙe a matsayin marubuci. A ƙasa can, da ƙanana, sunan da ake kirana da shi a gida, wanda ba zan rubuta a nan ba, kusa da shi an sa: mai karanto lambobi daga littafi.

Injiniya ya ce, "Ai na faɗa."

Na kira Yaya da daddare, ya yi dariya har sai da ya ajiye waya. Da safe Uwargida ta tambaye ni ko Paula ta tashi lafiya. Mac mini tana nan a kan tebur, LhA na aiki lafiya lau, sai dai ba ni da abin da zan buɗe da ita. Jiya kuma Injiniya ya aiko yana tambaya ko zan ara masa Mac mini ɗin, kwana biyu.